Bugun tazara a ƙwallon ƙafa: na kai tsaye da wanda ba na kai tsaye ba

Bugun tazara, wanda 'yan kallo suka fi kira firikik, shi ne bugun da alƙalin wasa kan ba ƙungiya idan abokan karawarta sun karya doka. Iri biyu ne. Na kai tsaye, mai bugawa zai iya zura shi a raga kuma a ƙirga. Ɗayan kuwa sai wani ɗan wasa, na kowane ɓangare, ya taɓa ƙwallon kafin ta zama ci. Bayaninsu na cikin doka ta 12 da ta 13 daga dokoki 17 na IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa, wadda aka kafa a 1886.

Abin da ya fi raba su shi ne taɓa jiki. Sa ƙafa, ture, riƙe riga, duka, ko faɗa wa mutum da ganganci, duk na kai tsaye ne. Haka taɓa ƙwallo da hannu, da cizo, da tofa yawu. Idan mai laifin ya aikata ɗaya daga cikinsu a cikin yadi na 18 na gidansu, hukuncin ya koma fenariti, daga mita 11.

Wanda ba na kai tsaye ba ya fi rikita masu kallo. Ana bayar da shi kan satar gida, da gardama ko zagi, da tare wa mutum hanya ba tare da an taɓa shi ba, da wasa mai haɗari, kamar ɗaga ƙafa dab da fuskar wanda ya sunkuyo zai sa kai. Da takalmin zai taɓa goshinsa, da bugun ya zama na kai tsaye. Mai tsaron gida ma na jawo shi, idan ya kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya ba shi da ƙafa da gangan, ko ya jefo masa daga gefen fili. An kawo dokar mayarwa da ƙafa a 1992, bayan ɓata lokacin da aka sha a gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya, kuma gyara ne da ya yi wa wasan amfani ƙwarai. Riƙe ƙwallo a hannun mai tsaron gida fiye da daƙiƙa 6 ma a da yana cikin wannan rukuni, amma daga 2025 an mayar da shi daƙiƙa 8, hukuncinsa kuma bugun kusurwa.

Mai son ganewa ya dubi hannun alƙali. Idan ya ɗaga shi sama ya bar shi a tsaye, to ba na kai tsaye ba ne. A irin wannan bugun, ƙwallon da ta shiga raga ba wanda ya taɓa ta, bugun gola za a yi. In kuwa alƙalin ne ya manta bai ɗaga hannu ba, sai a sake bugawa.

A duka biyun, masu yin katanga za su ja baya mita 9.15. Sai dai wanda ba na kai tsaye ba kan faɗo a cikin yadi na 18, wani lokaci kusa da raga sosai, inda babu wannan tazarar. A nan doka ta yarda masu tsaro su jeru a kan layin raga tsakanin turaku biyu. Sai ka ga mutum 11 kafaɗa da kafaɗa, wani ya ɗan gangara ƙwallon da tafin ƙafa, na bayansa ya sheƙo ya ɗirka, su kuma su yo kansa gaba ɗaya.