Ruɗin Tunani

Ruɗin tunani alama ce ta taɓin hankali, inda mutum yake sakankancewa da abin da ba haka yake ba, ya kafe a kai, ko an kawo masa hujja ƙarara. A 1913 likita Bajamushe Karl Jaspers ya fayyace siffofinsa: yaƙini mai tsanani, ƙin karɓar gyara, da kasancewar abin ba gaskiya ba. Ya bambanta da gane-gane da jiye-jiye, waɗanda suke yaudarar ido da kunne. Ya kuma bambanta da waswasi, domin mai waswasi yana kokwanton tunaninsa, shi kuwa mai ruɗin tunani ko kusa ba ya shakka.

Mafi yawa shi ne ruɗin zargi. Mace ta daina cin tuwon gidan, wai an barbaɗa mata guba; ko ɗan kasuwa a Sabon Gari ya rufe shago saboda kowane mai babur da ya tsaya, a ganinsa, turo shi aka yi. Wani yakan ɗauka shi basarake ne ko waliyyi, wani ya tabbata matarsa tana cin amanarsa, wani ya ce da shi ake magana a rediyo. Akwai wani nau'i da likitan Faransa Joseph Capgras ya bayyana a 1923, inda majinyaci yake cewa an musanya masa ɗan'uwa da mai kama da shi.

A gari irin Zariya, inda mutane da dama suka yarda da sammu da aljanu da kambun baka, gano ciwon yana buƙatar natsuwa. Ƙa'idar likitoci ita ce, abin da al'umma ta yi tarayya a kai ba ruɗi ba ne. Abin dubawa shi ne yadda mutum ya riƙe batun: ya hana shi barci da sana'a? Iyayensa da malaminsa ma suna cewa abin ya wuce gona da iri? Shi ya sa likita yake son jin ta bakin dangi.

Ana ganin ruɗin tunani a ciwon sikizofireniya (wani nau'in taɓin hankali mai tsanani), da matsananciyar damuwa, da ruɗewar tsufa, da zazzaɓi mai zafi, da shan wiwi, wani lokaci kuma bayan haihuwa. Sinadarin dofamin na ƙwaƙwalwa yana da hannu a ciki, kuma shi magunguna irin su haloperidol da risperidone suke daidaitawa.

Gardama da majinyaci ba ta da amfani, takan ma sa ya saka mai gardamar cikin maƙiyansa. Gaskata shi ma kuskure ne. Gara a tausaya wa tsoron da yake ciki, a lallaɓa shi zuwa asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana da sashen masu taɓin hankali, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa, Kaduna. A Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi kare haƙƙin majinyata.