Gyaran Saiti a Libarba Mai Kafaffen Saiti

Gyaran saiti a libarba mai kafaffen saiti shi ne aikin da ake yi domin wurin da ido ya auna ya zama nan ne harsashi ke faɗawa, a bindigar da ba ta da wani noti da za a murɗa a matsar da saitin. Libarba ƙaramar bindigar hannu ce mai ganga mai juyawa, wadda ke ɗaukar harsasai, galibi shida. Irin wadda ake magana a kanta a nan ita ce wadda sai an ja gudumarta baya da babban yatsa kafin kowane harbi, kunama kuwa aiki ɗaya take yi, wato sakin gudumar. A yawancin irin waɗannan bindigogi saitin wani ɓangare ne na ƙarfen bindigar kansa, saboda haka duk gyaran da za a yi, ko dai a canza harsashi, ko a canza yadda ake riƙo da aunawa, ko a taɓa ƙarfe.

Yadda saitin yake

Uwar wannan tsari ita ce Colt Single Action Army, wadda sojojin Amurka suka karɓa a 1873, mai bututu inci 7½, mai cin harsashin .45 Colt. Saitinta na baya tsaga ce kawai da aka yanka a saman gangar jikin bindigar, na gaba kuma wani siririn tsini ne da aka liƙa kusa da bakin bututu. Daga baya an riƙa sayar da ita da bututu inci 5½ da kuma 4¾. Kamfanonin Uberti da Pietta na Italiya suna ƙera kwafinta har yau, kamfanin Ruger kuma ya fito da Vaquero a 1993 da New Vaquero a 2005 a kan wannan siffa, duk da cewa tun 1955 yana da Blackhawk mai saitin baya da ake murɗawa.

Dalilin da ya sa kafaffen saiti bai mutu ba a fili yake. Ba ya gocewa idan bindiga ta bugu da wani abu, ba ya maƙalewa a kube, ba shi da ƙananan sassa da za su kwance su faɗi. Masu gasar harbi irin ta kaboyi, wadda ƙungiyar maharba ta SASS (Single Action Shooting Society) da aka kafa a 1987 ke tsarawa, suna cikin waɗanda suka fi amfani da shi a yau. Abin da aka biya a madadin wannan ƙarko shi ne bindigar tana daidai ne da harsashi iri ɗaya, a nisa ɗaya, a hannun da ke riƙe ta ta hanya ɗaya.

Abin da ke sa harsashi ya hau ko ya sauka

Nan ne asalin fahimtar al'amarin, kuma nan ne mutane da yawa ke yin tunani a juye. Bututun libarba yana sama da hannun mai riƙe da ita. Da zarar albarushi ya kama, bindigar za ta fara turowa baya, bakinta kuma ya fara ɗagawa sama, tun harsashi yana cikin bututu bai fita ba. Lokacin ɗan ƙanƙani ne ƙwarai, amma ya isa ya canza inda bututu ke kallo a daidai lokacin fitar harsashi. Maƙera sun san da haka, shi ya sa suke yin tsinin gaba da tsawo: idan aka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan saitin baya da na gaba, za a ga bututun yana kallon ƙasa da layin ido. An yi haka ne da niyya, domin ɗagawar bindigar ta cike gurbin.

Sakamakon wannan shi ne harsashi mai nauyi da ke tafiya a hankali yana faɗawa sama, mai sauƙi da sauri kuma yana faɗawa ƙasa, a nisan da aka saba harbin bindigar hannu. Mai nauyin ya fi daɗewa a cikin bututu, ya kuma fi tura bindigar, don haka bakin ya riga ya ɗaga sosai kafin ya fita. Tsohon harsashin .45 Colt yana da nauyin giren 250 zuwa 255, wato giram 16 da 'yan kai. Bindigar da aka saita da shi, idan aka sa mata mai giren 200, sau da yawa za ta riƙa harbi ƙasa, alhali babu abin da ya same ta. Riƙo ma yana shiga ciki: wanda ya damƙe bindiga da ƙarfi yana hana bakinta ɗagawa, sai harbinsa ya sauka, wanda ya sassauta kuma nasa ya hau. Mariƙin Colt mai lanƙwasa, wanda ke mirginawa cikin tafin hannu idan an harba, yana sa wannan bambanci ya ƙara fitowa.

Kafin a taɓa ƙarfe

Harbi ɗaya ba ya nuna komai. Abin da ake dubawa shi ne tsakiyar tarin ramuka: a harba biyar biyar, sau da yawa, a nisa ɗaya, yawanci yadi 15 ko 25, da harsashi iri ɗaya. A zauna, a ɗora hannuwa a kan buhun yashi, amma kada a kwantar da bututu ko gindin mariƙi a kan abu mai tauri, domin hakan yana canza yadda bindigar ke ɗagawa. Bayan haka a sake gwadawa a tsaye, yadda za a riƙa harba ta a zahiri. Idan ramukan sun watsu ko'ina, ba maganar saiti ba ce tukuna. Sai sun taru wuri ɗaya ake iya cewa bindiga tana harbi hagu ko ƙasa.

Kuskuren mai harbi ya fi na maƙeri yawa. Mai harbi da dama wanda ke fizgar kunama, ko yake ƙanƙamewa don tsoron ƙara, harbinsa kan tafi ƙasa ta hagu. Bahago kuma ƙasa ta dama. Hanya mafi sauƙi ta rabe laifin mutum da na bindiga ita ce a ba wani gwani ya harba, ko mai ita ya gwada da ɗaya hannun. Haske ma yana yaudara. Rana idan ta haska gefe ɗaya na tsinin gaba, ido ba ya ganin tsakiyarsa daidai, shi ya sa tsofaffin maharba ke baƙanta saiti da hayaƙin ashana ko kyandir. Sannan dole mutum ya tsayar da yadda yake aunawa: ko tsinin ya zauna a tsakiyar baƙar da'irar allon da ake harbi, ko a ƙasanta. Bambancin waɗannan biyu kaɗai yakan kai inci biyu ko uku.

Akwai kuma lahanin da ba na saiti ba: bakin bututu da ya sami rauni, ko ramin ganga da ba ya tsayawa daidai da bututu, ko ragowar dalma da ta taru a ciki. Waɗannan aikin maƙerin bindiga ne ya duba su tun farko.

Lissafin

Ƙa'idar guda biyu ce. Saitin baya ana matsar da shi zuwa inda ake so harsashi ya koma. Tsinin gaba kuwa yana bin harsashi ne zuwa inda yake faɗawa yanzu: idan bindiga tana harbi ƙasa a rage masa tsawo, idan tana harbi hagu a matsar da shi hagu.

Yawan abin da za a matsar ana samunsa ta ninka girman kuskuren da tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya, a raba da nisan allon, duka da ma'auni ɗaya. A ɗauka tazarar saitin inci 6 ce, allon yana yadi 25, wato inci 900, harbin kuma yana sauka inci 3 ƙasa. Uku sau shida 18, a raba da 900, an sami inci 0.02, kimanin rabin milimita. Wannan ɗan abin shi ne duk gyaran. Mutum yana iya cinye shi da magagari cikin 'yan goge-goge kaɗan ba tare da ya lura ba.

Gyaran sama da ƙasa

Bindigar da ke harbi ƙasa ita ce mai sauƙin sha'ani, kuma sabbi da yawa haka suke fitowa, da tsini mai ɗan tsawo, domin mai ita ya rage shi daidai da harsashinsa. Da farko a tabbatar babu harsashi, a cire gangar harsasai gaba ɗaya. A naɗe bututu da tef don kada magagari ya karce shi, a auna tsawon tsinin a rubuta, a sa alama a inda lissafi ya nuna. Sai a goge rabin abin da aka lissafa kawai, da magagari mai laushin haƙora, a miƙe, kada saman ya karkata. A harba, a duba, a ƙara kaɗan. Gara a yi wannan a filin harbi a yini biyu ko uku da a gama shi a zama ɗaya, domin ƙarfen da aka goge ba ya dawowa. Wurin da ya yi fari ana shafa masa maganin baƙanta ƙarfe saboda tsatsa da ƙyalli.

Mai harbi sama ta fi wuya, don tana buƙatar ƙarin ƙarfe ne. Kafin komai a gwada harsashi mai sauƙi da sauri, sau da yawa shi kaɗai yake warware matsalar. In bai yi ba, maƙeri zai iya ƙara wa tsinin tsawo da walda ko ya cire shi ya liƙa wani dogo, amma zafin aikin yana ɓata launin bututu, sai an sake baƙanta shi.

Gyaran hagu da dama

Canza harsashi ba ya yin wani tasiri mai yawa a nan. Hanyar da maƙera suka fi yarda da ita ita ce murɗa bututu kaɗan. Bututun ana ɗaure shi ne cikin gangar jiki kamar noti, kuma sau da yawa asalin matsalar shi ne an tsayar da shi tsinin bai miƙe sak ba. Idan aka ƙara ɗaure shi, tsinin yana karkata hagu a idon mai harbi, harbi kuma ya koma dama. Ke nan bindigar da ke harbi hagu ƙarin ɗauri take so. Mai harbi dama sassautawa take so, wannan kuwa yana da haɗari, don bututu na iya rasa ƙarfin kamunsa. A irin haka maƙeri kan rage kafaɗar bututun a injin ya sake ɗaure shi, ya kuma gyara ratar da ke tsakaninsa da ganga. Murɗin da ake buƙata ƙanƙani ne: digiri ɗaya yana iya matsar da harbi kusan inci biyu a yadi 25. Aikin yana son na'urar matse bututu da sifanar da aka yi daidai da gangar jikin. Tsohuwar dabarar cusa ƙotar gudumar kafinta ta gurbin da ganga ke zama a murɗa da ƙarfi ta lanƙwasa bindigogi masu kyau, bai kamata kowa ya sake yin ta ba.

Ƙaramin kuskure ana iya magance shi da magagari. Idan harbi yana zuwa hagu, a goge bangon dama na tsagar baya, ko gefen dama na tsinin gaba. Sai dai tsakiyar tana matsawa ne da rabin abin da aka goge, don haka gyaran inci 0.01 yana cin inci 0.02 na ƙarfe. Faɗaɗa tsagar yana da wani amfani na daban ga masu raunin gani, domin haske ya fi shigowa ta gefen tsinin. Wasu kan lanƙwasa tsinin kansa, amma yakan ɓalle daga inda aka liƙa shi, kuma karkataccen tsini yana damun ido. Wanda bai damu da siffar asali ba, zai iya sa maƙeri ya yanka gurbi a saman bututu ya zura tsinin da ake bugawa hagu ko dama, a kuma canza shi da wani in an canza harsashi.

Akwai kuma masu barin bindiga yadda take, su haddace inda take harbi, su riƙa aunawa gefe kaɗan. Amurkawa suna danganta wannan dabara da jihar Kentaki. Tana aiki a nisan da aka sani, amma tana buƙatar sabon ƙiyasi duk lokacin da nisa ya canza.

Tsofaffin bindigogi

Colt ta zubin farko, wadda aka ƙera daga 1873 zuwa wajen 1940, da ta zubi na biyu da aka fara a 1956, kayan tarihi ne, kuma darajarsu tana cikin kasancewarsu yadda suka fito. Gogaggen tsini ko faɗaɗɗiyar tsaga abu ne da masu tara irinsu ke ganewa da kallo ɗaya. A kan waɗannan, gyaran da ya dace shi ne neman harsashin da ya yi daidai da saitin, muddin ƙarfinsa bai wuce abin da tsohon ƙarfen zai ɗauka ba. Na farkon-farko an yi su ne don baƙin albarushi kawai. Lokacin gwaji kuma ana sa musu harsashi biyar ne, a bar guduma a kan ramin da babu komai, domin ba su da sandar kariya irin wadda Ruger ya sa wa nasa tun 1973, kuma bugu a kan gudumar na iya tayar da harsashin da ke ƙarƙashinta.