Waiwaye: Yadda eriyar waya ta koma ciki, da abin da ya biyo baya

Wayar da Martin Cooper na kamfanin Motorola ya yi kiran wayar hannu na farko da ita a New York, ranar 3 ga Afrilun 1973, doguwar eriya ce tsaye a kanta. An daɗe a haka, wasu wayoyin ma sai an zaro eriyar kafin a buga. Nokia ce ta yi fice wajen mayar da ita ciki, daga 8810 a 1998 zuwa 3210 a 1999. Shi ya sa 3310, wadda ta cika hannun jama'a bayan zuwan GSM Najeriya a 2001, ba ta da ƙaho.

Waya ta yi kyau, ta shiga aljihu, amma eriya ta matso kusa da tafin hannu. Jikin mutum kuwa yawancinsa ruwa ne, yana shanye wani kaso na siginar da ke shiga da fita.

Lamarin ya fito fili a watan Yunin 2010, da Apple ya fitar da iPhone 4. Ƙarfen da ya zagaye gefen wayar shi ne eriyar, an raba shi da ƴan siraran tsagu. Da zarar hannu ya rufe tsagar da ke ƙasa ta hagu, fata sai ta haɗa ɓangarori biyu da bai kamata su haɗu ba, sabis ya zube, wani lokacin kira ya yanke. Amsar farko ta Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ita ce a daina riƙe wayar haka. Wannan bai dace ba ko kaɗan, domin mai ƙera waya shi ya kamata ya yi lissafin hannun da zai riƙe ta. Kamfanin ya kuma amsa cewa lissafin da ke nuna ƙarfin sabis a allo yana ƙara gishiri. Bayan mujallar Consumer Reports ta ƙi ba da shawarar a sayi wayar, Jobs ya kira taron manema labarai ranar 16 ga Yuli, ya sanar da raba rigar roba kyauta. A iPhone 4S ta 2011 aka sake fasalin, wayar na sauyawa tsakanin eriya biyu.

Sauran dalilan raunin sabis suna nan daram: nisa da ƙarfen sabis, bangon kankare, rufin kwano, da cunkoson masu kira a kan ƙarfe ɗaya. Siginar 5G mai mita sama kuwa ta fi ta da shan wahalar ratsa bango.