Bulala ba ita ke yin malami ba

A Sakkwato har yau za ka ji dattijo yana yabon malaminsa da cewa "ya sha ba mu kashi", kamar dukan ne ya zuba masa karatun. An daɗe ana wannan kuskure. Yaron da ke tsoron dorina yakan haddace don ya tsira, ya manta da zarar an tashi. Tun ƙarni na 14 malamin tarihin nan Ibn Khaldun ya lura cewa tsananta wa ɗalibi na koya masa ƙarya da kasala.

Mu duba gida ma. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, tun yana Degel, da waƙoƙin Fulfulde ya riƙa kai ilimi ga makiyayan da ba su jin Larabci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa ƙungiyar mata masu neman ilimi da ake kira 'Yan Taru: ta horar da jagororinsu mata, waɗanda ake kiran kowacce jaji, ta tura su ƙauyuka suna koyar da mata ta hanyar waƙa. Har yanzu ana rera waɗannan waƙoƙin.

Kwarjini dai ana bukatarsa, aji ba ya zama babu tsawatawa. Amma dattijon nan, in ka matsa masa da tambaya, abin da yake tunawa shi ne yadda malamin ya maimaita masa darasi har ya gane.