Dokar VAPP ba ta hana saki ko ƙarin aure ba: ga abin da ta hana

Wani ɗan uwana ya turo min saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, yana tambayata ko gaskiya ne. Mai maganar yana cewa wai an yi dokar da idan ka ɗaga wa matarka murya za a ɗaure ka, idan ka sake ta za a raba dukiyarka biyu, idan kuma ka ƙara aure ba da yardarta ba sai kurkuku. Dokar da yake nufi ita ce ta hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Maganar raba dukiya da ta ƙarin aure babu su a cikinta ko kaɗan. Ta ɗaga murya ce ke da ɗan tushe, ita ma an karkatar da ita.

Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa wa dokar hannu a watan Mayu na 2015, ana saura kwanaki ya sauka daga mulki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan dokar ta tarayya Abuja kaɗai take aiki. Kowace jiha sai majalisarta ta yi tata, gwamna ya sa hannu. Kaduna ta yi tata a 2018, jihohi da dama suka biyo baya, musamman bayan 2020 lokacin da gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe. Kano na cikin waɗanda suka daɗe ba su ɗauke ta ba. Jihohi kuma sun yi gyare-gyare a nasu, don haka adadin shekaru da tarar da zan ambata na dokar tarayya ne, mai yiwuwa na jiharku ya bambanta.

Dokar ta shafi kowa: mata da maza, yara, tsofaffi, masu buƙata ta musamman, 'yan aikin gida. Mijin da matarsa ke duka ma yana da hurumin kai ƙara.

Babban sauyin da ta kawo yana cikin ma'anar fyaɗe. A Final Kod, tsohuwar dokar hukunta laifuka da Arewa ke amfani da ita tun 1960, namiji ne kawai ke yin fyaɗe, mace ce kawai ake yi wa. Sashe na 1 na VAPP ya ce duk wanda ya shigar da wani sashe na jikinsa ko wani abu cikin gaba, ko dubura, ko bakin wani ba da yardarsa ba, ya yi fyaɗe. Ke nan yaron da aka lalata a kango ko a shago, shi ma fyaɗe aka yi masa a idon doka. Yardar da aka samu ta hanyar tsoratarwa, ko yaudara, ko zuba ƙwaya a abin sha, ko shiga wa matar aure a matsayin mijinta, doka ba ta ɗauke ta yarda ba. Hukuncin yana kaiwa ɗaurin rai da rai, mafi ƙaranci shekara 12 ba zaɓin tara. Idan taron dangi aka yi, mafi ƙaranci shekara 20. Idan mai laifin bai kai shekara 14 ba, ba za a wuce shekara 14 ba. Kotu tana yanke diyya ga wanda aka zalunta, a kuma sa sunan mai laifin cikin rajistar masu irin wannan laifi. Kaduna ta ƙara gaba a 2020, inda ta gyara Final Kod ɗinta ta sanya dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe.

Akwai wuri ɗaya da lauyoyi kansu ke jayayya a kai. Final Kod ta ce saduwar miji da matarsa ba fyaɗe ba ce matuƙar ta balaga. VAPP ta tarayya ba ta ambaci wannan togaciya ba. Wasu na ganin shirun yana nufin an cire ta, wasu na cewa tana nan. A kan wannan batu, rubutun dokar jiharku ne abin dubawa, kuma duk wanda ya yanke maka hukunci a saƙon murya bai nuna maka sashen ba, kada ka ɗauka.

Sai maganar "ɗaga murya". Sashe na 14 ya haramta cin zarafi ta hanyar baki da azabtar da zuciya, hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. A nan tsoro ya samo asali. Amma dokar ta fassara abin da take nufi: hali ne na ƙasƙantarwa da wulaƙanci da ake maimaitawa, zagi kullum, izgili, laƙabi na cin mutunci, barazana a kai a kai. Saɓanin da harshe da haƙori ke yi, a yi faɗa da safe a shirya da yamma, bai shiga nan ba. Wanda ya shiga shi ne mutumin da ya mayar da zagin iyayen matarsa karin kumallo, yana kiran ta juya a gaban baƙi, yana yi mata barazanar raba ta da 'ya'yanta shekara da shekaru. Duk mun san irin wannan gida a unguwarmu. Mun kuma san yadda ake cewa matar ta yi haƙuri har hawan jini ya kwantar da ita.

Sauran laifuffukan gida a bayyane suke. Dukan abokin aure, ɗauri har shekara 3 ko tarar naira 200,000. Korar abokin aure daga gida da ƙarfi ko hana shi shiga, shekara 2 ko naira 300,000. Tafiya a bar mata da yara ba ci ba sha, shekara 3 ko naira 500,000. Kaciyar mata, shekara 4. Watsa wa mutum ruwan batir, rai da rai.

Ina roƙon mai cewa dokar ta saɓa wa addini ya sake duba waɗannan. Wanne ne Musulunci ya halatta? Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da matar da aka saka daga gidanta a cikin idda. Ciyar da iyali wajibi ne da ba malamin da ya yi saɓani a kai. Wanda ya watso kayan matarsa waje da tsakar dare, da goyo a bayanta, ya saɓa wa Alƙur'ani tun kafin ya saɓa wa dokar majalisa. Saki yana nan yadda Shari'a ta tsara, kotunan Musulunci na nan suna sauraron shari'ar aure, dokar ba ta taɓa su ba.

Inda nake ganin masu damuwa suna da hujja shi ne sashe na 13, wanda ya haramta tilasta raba mutum da danginsa da abokansa, da hukuncin wata 6 ko naira 100,000. Ana tambaya ko ya shafi auren kulle. Kalmar da ke ɗauke da nauyin sashen ita ce tilas. Matar da ke zaman kulle da yardarta, tana zuwa gaida iyayenta, 'yan uwanta na shigowa, ba wanda ya raba ta da kowa. Wadda aka ƙwace wa waya, aka hana mahaifiyarta taka ƙofar gidan, aka hana ta zuwa asibiti, ita sashen yake karewa. Duk da haka da an fayyace rubutun fiye da yadda yake, da an rage wannan ruɗani.

Ƙorafina a kan dokar ya bi ta ɗaya gefen. Tarar ta yi kaɗan. Naira 200,000 a 2015 kuɗi ne, yau darajarta ta faɗi ƙwarai. Mai hali zai doki matarsa ya biya ya koma gida da yamma. Sannan sashe na 55 na tsohuwar Final Kod, wanda ya ba miji damar "ladabtar" da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba, har yanzu mutane na kafa hujja da shi.

Abin da ya fi amfani ga mai cikin halin tsoro shi ne umarnin kariya. Kotu na iya hana mai cin zarafin kusantar gida ko wurin aikin wanda yake cuta, ko kiran sa, tun kafin a gama shari'a. Ba dole sai wanda abin ya shafa ne zai nema da kansa ba: ɗan sanda, ma'aikacin lafiya, jami'in walwala ko malamin makaranta na iya nema a madadinsa da rubutacciyar yardarsa, idan kuma yaro ne ko wanda ya suma, ba a jiran yardar. An kuma hana buga sunan wanda aka zalunta a jarida.

Idan fyaɗe ne, asibiti za a fara zuwa, kafin wanka, kafin a wanke tufafin. Maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shan sa. Akwai cibiyoyin Salama a Kaduna, Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, da Nana Khadija a Sakkwato, inda ake duba mutum a rubuta rahoton likita da kotu za ta nema.