Motsa Jiki a Kan Sandar Ƙarfe da Atisayen Miƙa Jiki ga Masu Lalurar Jiki

Motsa jiki a kan sandar ƙarfe atisaye ne da ake yi a jikin doguwar sanda da aka kafa a tsaye, daga daɓen ɗaki zuwa rufinsa. Mai yinsa yana hawa, ya rataya, ya yi juyi, wani lokaci ya kifa kansa ƙasa ƙafafu a sama, duk da ƙarfin hannu da ciki da cinya. Idan don lafiya ake yi ana kiransa Pole Fitness, idan don gasa ne kuma Pole Sport. Ɓangarensa na masu buƙata ta musamman shi ne Para Pole. Wasan yana buƙatar ƙarfi da laushin jiki a lokaci guda, shi ya sa atisayen miƙa jiki ya zama babban ginshiƙinsa, kuma a nan ne mai lalura ya fi bukatar sanin abin da jikinsa zai ɗauka da wanda ba zai ɗauka ba.

Asali

Hawa sanda don gwada ƙarfi tsohon abu ne. A Indiya akwai Mallakhamb, wanda 'yan kokawa suke yi a kan turken katako da aka shafe da man zurma, kuma a ƙarni na 19 Balambhatta Dada Deodhar ya farfaɗo da shi a yankin Maharashtra. A Sin, masu wasan alkafura sun daɗe suna tsalle daga sanda zuwa sanda. Amma sandar ƙarfe ta yau, kai tsaye daga gidajen rawa na dare na Amurka da Kanada ta fito, a shekarun 1980. A shekarun 1990 Fawnia Mondey ta fara koyar da shi a Kanada ga matan da ba sana'arsu ba ce rawa, daga nan ya shiga wuraren motsa jiki. Wannan asali ne ya sa har yau mutane da yawa suke yi masa kallon rashin kamun kai, kuma ba abu ne da za a ɓoye ba.

A 2009 Katie Coates da Tim Trautman suka kafa hukumar wasan ta duniya, IPSF. Gasar duniya ta farko an yi ta a Landan a 2012, sannan a 2017 ƙungiyar hukumomin wasanni ta duniya, GAISF, ta ba hukumar matsayin 'yar kallo. Wasan bai shiga gasar Olamfik ba, haka ma gasar Olamfik ta nakasassu.

Sandar kanta

Kaurin sanda yana kamawa daga milimita 38 zuwa 50, amma mai 45 ita ce aka fi amfani da ita a gasa. Akwai mai tsayawa cak, akwai mai juyawa da kanta. Ana yin ta da bakin ƙarfe mai rufin kurom, ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ko tagulla. Fatar jiki ce take kama ƙarfe, tufafi santsi suke yi, abin da ya sa 'yan wasa suke barin cinya da hannu a buɗe ke nan. Sanda mai rufin silikon, wani abu mai kama da roba, ta sauya wannan, domin da cikakkiyar sutura ake hawanta. Ta yi wa masu son rufe jiki amfani, ta kuma yi wa mai raunin damƙa da wanda fatarsa ba ta jure gogayya. Siririyar sanda ta fi sauƙin riƙo ga mai ƙaramin hannu ko wanda yatsunsa ba sa dunƙulewa sosai.

Yadda miƙa jiki yake aiki

Hanya mafi sauƙi ita ce a miƙa tsoka har a ji ta ɗaure, a tsaya a nan. Shawarar kwalejin likitocin wasanni ta Amurka ita ce a riƙe daƙiƙa 10 zuwa 30, a maimaita har jimilla ta kai kusan daƙiƙa 60 ga kowace tsoka, aƙalla kwana biyu ko uku a mako, dattawa kuma su riƙe daƙiƙa 30 zuwa 60. Ana yi ne bayan jiki ya ɗumama. Kafin hawa sanda an fi son miƙa jiki cikin motsi, kamar lilo da ƙafa da juya kafaɗa, domin doguwar miƙewa a tsaye cak tana rage ƙarfin tsoka na ɗan lokaci.

Hanya ta uku, wadda ake kira PNF, daga asibiti ta fito. Likita Herman Kabat da masu gashin ƙashi Margaret Knott da Dorothy Voss ne suka tsara ta a Amurka a shekarun 1940 zuwa 1950, kuma masu shan inna suna cikin waɗanda aka fara yi wa. Mutum zai kwanta rigingine, mataimaki ya ɗaga masa ƙafa a miƙe har tsokar bayan cinya ta ɗaure. Sai ya danna dunduniyarsa a kafaɗar mataimakin na 'yan daƙiƙu, kamar zai sauke ƙafar, mataimakin ya hana ta motsi. Da ya saki, ƙafar takan ƙara tafiya kaɗan.

A makonnin farko ba tsawon tsoka ne yake ƙaruwa sosai ba, jiki ne yake sabawa da jin ɗaurewar, ya daina tsorata da ita. Akwai kuma iyakar da ƙashi ya gindaya. Ramin da kan ƙashin cinya yake zama a ciki ba iri ɗaya ba ne a kowa, wani mai zurfi ne, wani a buɗe yake. Wanda ƙashinsa ya tokare, ko shekara nawa zai yi ana danna shi ba zai ware ƙafafu har ƙasa ba, sai dai a ji masa ciwo. A kan sanda kuwa, nisan da wani zai iya tura maka ƙafa ba shi da amfani sosai. Abin da yake aiki shi ne inda kai da kanka za ka iya ɗaga ta ka riƙe, kana rataye, ba kowa a ƙasanka. Tazarar da take tsakanin waɗannan biyun, a nan yawancin raunuka suke faruwa, musamman a kafaɗa da tsokar bayan cinya.

Lalura da abin da take buƙata

Abin mamaki, wanda aka fi yi wa tafi a aji shi ne sau da yawa yake cikin haɗari, wato mai gaɓoɓi masu laushi fiye da kima. Likitoci suna auna wannan da ma'aunin Beighton mai maki 9: ko ƙaramin yatsa yana lanƙwasa baya ya wuce digiri 90, ko babban yatsa yana taɓa sangalin hannu, ko gwiwar hannu da ta ƙafa suna wuce miƙewa su koma baya, ko mutum yana iya shimfiɗa tafukansa a ƙasa gwiwa a miƙe. A wasu, alama ce ta ciwon Ehlers-Danlos, wanda ake gado. Irin wannan jiki ba ƙarin miƙewa yake so ba, ƙarfi yake so. Idan ya rataya ya saki kafaɗa, nauyinsa a kan jijiyoyin gaɓa yake sauka, kuma gocewar ƙashi ba ta da wuya. Ana koya masa ya tsaya kafin ya kai ƙarshen miƙewarsa, ya ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, ya riƙe kafaɗa da tsoka.

Mai sandarewar tsoka, kamar wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki ko aka haife shi da lalurar ƙwaƙwalwa mai shafar motsi, lamarinsa akasin haka ne. Tsokarsa tana ƙara ɗaurewa idan aka ja ta da sauri, don haka a hankali ake bi. Ya kamata kuma a faɗa masa gaskiya: binciken da aka tattara ya nuna miƙa jiki kaɗai na 'yan watanni ba ya buɗe gaɓar da ta riga ta ƙage. Malamin da ya yi alkawarin miƙar da ita da dannawa, ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa.

Masu raunin laka da yawa suna zuwa da kafaɗu masu ƙarfi saboda tura keken guragu, kuma suna iya hawa da hannu zalla. Haɗarinsu a fata yake. Sanda tana mintsini tana ƙona fata, wanda kuwa ba ya ji a cinyarsa ba zai san ya ji rauni ba sai ya duba, don haka duba fata bayan kowane atisaye wajibi ne. Idan raunin yana daga ƙashin baya na shida na ƙirji zuwa sama, ciwo a ƙasan wurin yana iya sa jini ya hau farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai da gumi. Nan take ake tsayawa, a zaunar da mutum a miƙe, a sassauta abin da ya matse shi, idan bai lafa ba a nemi asibiti. Kafaɗar mai keke ita ce ƙafarsa, idan ta lalace a wurin wasa, zirga-zirgarsa ta yau da kullum ce ta tsaya.

Wannan batu na kafaɗa ya shafi waɗanda shan inna ta taɓa, waɗanda suke da yawa a arewacin Najeriya duk da an ayyana Afirka ta rabu da nau'in ƙwayar shan inna na asali a 2020. Tsokar da cutar ta raunana ba ta son a gajiyar da ita fiye da kima, kuma gajiyar da ta kwana ta wuni alama ce an zarce. Masu sikila kuma suna iya samun mutuwar kan ƙashin cinya saboda toshewar jini, saboda haka ciwon matsematsi ko na ƙugu a jikinsu ba abin da za a ce a miƙe ya wuce ba ne, hoto ake fara ɗauka.

Wanda aka haɗe masa ƙasusuwan baya da ƙarfe saboda karkacewar baya, wurin da aka haɗe ba ya lanƙwasa, kuma tilasta shi yana ɗora nauyi a gaɓoɓin da suke sama da ƙasa da shi. Mai gaɓar ƙugu ta roba ko ƙarfe yana bin iyakar da likitansa ya gindaya. Kifa kai ƙasa ba a so ga mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba da mai hawan jinin ido, mai juna biyu kuma sai da izinin likita. Ga duk waɗannan akwai aiki mai yawa a gindin sanda, ƙafa a ƙasa ko a zaune, inda sandar take zama abin dafawa.

A fagen gasa

IPSF tana raba 'yan Para Pole gwargwadon lalura: masu raunin ƙarfin tsoka, masu rashin wata gaɓa, da masu lalurar gani. Tun kafin haka Deb Roach, 'yar Ostareliya da aka haifa ba ta da hannun hagu, ta lashe rukunin nakasassu a wata gasar ƙasa da ƙasa a Hong Kong a 2012. Inda wasu suke kama sanda da hannu biyu, mai hannu ɗaya yana amfani da bayan gwiwa, hammata, lanƙwasar gwiwar hannu da gefen ciki. Erin Clark, 'yar Kanada mai amfani da keken guragu, ta yi gasa da sunan Sifen, tana hawa da ƙarfin hannu da kafaɗa. Makaho kuma da taɓi yake koyo da bayanin baki dalla-dalla, bayan an nemi izininsa kafin a sa masa hannu.

Babban cikas ga masu son farawa ba sandar ba ce. Wuraren koyo da yawa a saman bene suke, ba lif, ƙofar bayan gida ba ta ɗaukar keke, kuma malamai kaɗan ne suka sami horo kan lalurar jiki. Inda aka yi sa'a, malami yana aiki tare da likitan gashin ƙashi na ɗalibin, a shimfiɗa katifa mai kauri a gindin sanda, a kuma fara koyon yadda ake sauka kafin a koyi yadda ake hawa.