Wai mene ne "miyagun ƙwayoyi"? Har da na mai tarin tibi da aka yi wa tiyata?

Kwanan nan da wuya ka kunna rediyo a Kano ba ka ji "miyagun ƙwayoyi" ba, daga mai gabatar da shiri har ɗan siyasar da ya zo neman suna, tiramol da kodin da wiwi da sholisho duk a jera su kamar abu ɗaya ne. Ba musu shaye-shaye ya yi mana illa, shi ya sa ma gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake faɗin kalmar kamar ita ƙwayar ce aka halitta muguwa.

Tiramol da kodin da mofin dangi ne, likitoci na ce musu ofiyoid, aikinsu rage saƙon zafi da ke zuwa ƙwaƙwalwa. Tiramol ɗin da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta amince da shi mai 50mg ne da mai 100mg, wanda NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin ƙwayoyi, ke kamawa a kwantena kuwa sau da yawa 225mg za ka gani a jikin kwalin. To ka ga ai ba a sunan muguntar take ba, tana ga yawan da aka sha da wanda ya bayar da kuma dalili.

Ɗauki mai tarin tibi. Yawanci maganin wata shida da ake bayarwa kyauta ya isa, amma akwai wanda mugunya ke taruwa a kewayen huhunsa, ko wani ɓangaren huhun ya lalace yana ta tarin jini, sai an buɗe ƙirji. Tsakanin haƙarƙari biyu ake shiga a ware su, kuma ƙarƙashin kowane haƙarƙari akwai jijiyar da ke kai saƙon zafi, ga robar da ake bari tana zuƙo ruwa da iska na 'yan kwanaki. Mai karaya a ƙafa ana ɗaure shi a ce kar ya motsa, shi ƙirji fa wa zai ce masa ya tsaya, sau 12 zuwa 20 yake motsi kowane minti ɗaya. In zafin ya yi yawa mutum sai ya riƙa numfashi sama-sama yana danne tari, majina ta kwanta a huhun da dama ba lafiya gare shi ba, nimoniya ta biyo baya. Shi ya sa nas take cewa "Baba rungume filo ka yi tari", kuma ba zai iya ba sai maganin rage zafi irin su mofin ko tiramol ya kama shi. Amma sai ka ji ɗansa a gefen gado yana raɗa masa "Baba ka daure, wannan fa ƙwaya ce", a nan dauriya ba jarumta ba ce wallahi.

Wani abin da ke ƙara rikita majinyata shi ne rifampicin, maganin tibin nan da ke mai da fitsari ja. Yana sa jiki saurin kawar da magunguna da yawa har da mofin da tiramol, sai zafin ya dawo kafin lokaci, baba ya ce a ƙara, 'yan uwa su fara kallon juna wai ya fara sabawa. Masu cewa a ba shi farasitamol kawai su sani uku cikin magungunan tibi huɗu na farko suna wahalar da hanta, shi ma in ya yi yawa hantar yake taɓawa, diklofenak kuma, wani maganin zafin, yana iya jawo olsa ya taɓa ƙoda. Don haka likitan ke haɗawa kaɗan-kaɗan, wani lokacin da allurar kashe jijiyar wurin ko ta gadon baya.

Ba na cewa babu haɗari, mofin in ya wuce ƙa'ida yana rage numfashi, tiramol kuma yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Jiki ma yana sabawa in an daɗe ana sha, shi ya sa ake janye shi a hankali. Amma wannan daban, kamuwa daban. Wanda ya kamu shi ne ciwo ya warke tuntuni yana zagaye kemis-kemis yana neman mai 225, ya sayar da wayarsa saboda ita, a gida an rasa gane kansa. Shi ya kamata masu rediyo su riƙa nufi in sun ɗauko kalmar.